Koren Layin Ya Laminu

Falmata ce ta ƙirƙiro launukan nan uku da hannunta, babu wanda ya sa ta, kuma ranar Litinin ɗin nan ta gwammace a ce ba ta taɓa ƙirƙiro su ba.

Kamfanin nasu ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu a saman wani shagon magani a Gashuwa, mutum bakwai idan aka haɗa da mai shi, Injiniya Mus'ab. Manhajojin waya suke yi, kuma guda uku ne a hannunsu. Ta farko ta 'yan kifin kasuwar Nguru ce, tana nuna musu farashin banda a manyan kasuwanni da motar da ke shirin lodi. Mudi ne a kanta. Ta biyu tana tuna wa masu juna biyu ranar awo, wannan ta Nana Khadija ce. Ta uku kuwa ta manoman tattasai ce a wani ƙauye bayan Jajimaji, tana gaya wa mutum ranar da zai yi ban ruwa da yawan ruwan da zai saki. Wannan ta Laminu ce, yayan Falmata uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ya kawo ta kamfanin tun tana jin tsoron gaida mutane a ofis.

Ita ba ta rubuta manhaja, auna ta take yi. Duk ƙarshen wata sai ta ƙirga abu uku a kan kowace: ƙorafi nawa masu amfani suka turo, sau nawa ta maƙale ko ta mutu a hannun mutum, da kuma mutum nawa ke buɗe ta a rana. Ta haɗa, ta raba, ta fitar da layi uku a shafi ɗaya. Mai lafiya kore, mai ɗan ciwo ruwan ɗorawa, mai jin jiki ja. Injiniya Mus'ab, wanda Allah bai hore wa haƙurin karanta shafi biyu ba, ya ƙaunaci abin nan sosai. Har baƙi yake nuna wa, yana cewa a kamfaninsa ba a aiki da jita-jita.

To, ranar Litinin ya tara su, ya ƙi zama, ya ce daga wata mai kamawa manhaja biyu kawai kamfanin zai iya riƙewa. Ɗaya za a rufe, kuma wanda ke kanta zai nemi wani wurin.

"Ba ni zan zaɓa ba," in ji shi, "kada gobe a ce na yi son kai. Rahoton Falmata ne zai zaɓa. Ranar Alhamis da ƙarfe goma."

Kowa ya san abin da rahoton zai ce. Layin Mudi wata huɗu ke nan yana ja, a watan jiya kaɗai ƙorafi ɗari biyu da goma sha huɗu. Na Nana Khadija ruwan ɗorawa. Na Laminu kuwa kore shar, wata biyar babu ƙorafi ko ɗaya, bai taɓa maƙalewa ba, kuma duk wayoyi arba'in ɗin da aka raba wa manoma suna buɗe shi kullum. Mudi ya koma kujerarsa, ya ci gaba da gyaran da yake yi, sai dai Falmata ta lura sau uku yana goge abin da ya rubuta.

Da a ce wata ce, da ta yi hamdala a zuci, tunda gidansu ya tsira. Amma Falmata ta san wani abu da ba ta gaya wa kowa ba. Mako biyu da suka wuce, cikin neman wani abu daban, ta duba lokutan da ake buɗe manhajar Laminu. Duk wayoyi arba'in ɗin tsakanin ƙarfe takwas da takwas da kwata na safe ake buɗe su, ɗaya bayan ɗaya, kowace ta yi kamar daƙiƙa goma a rufe. Daga nan shiru sai washegari. A lokacin ta ce wa ranta wataƙila manoma ne ke haɗuwa wurin mai shayi kafin su tafi gona. Ta rufe shafin, ta kama wani aiki. Yanzu shafin nan ya dawo ya zauna mata a ƙirji, ko abincin rana ta kasa ci.

Da yamma ta ce wa Injiniya tana so ta je ta ga masu amfani da idonta kafin ta rubuta. Ya ce ta je, amma bai ga amfanin wahalar ba tunda alƙaluma sun riga sun yi magana.

Ranar Talata ta shiga motar Nguru. Zafin bazara ya fara, tana zaune a tsakiyar mata biyu da buhun barkono a ƙafarta, tana ta atishawa tana addu'ar Allah ya sa ta tarar manhajar Mudi ta lalace da gaske. Ta san addu'ar ba ta da kyau, amma ta yi ta.

A layin 'yan kifi, kwalayen banda jere sun fi tsayin mutum, ga hayaƙi, ga masu a-daidaita suna ta oda babu mai kauce musu. Ba ta ma gama gabatar da kanta ba wata dillaliya mai suna Hajiya Zara ta cafke hannunta.

"Au, ke ce mai karɓar ƙorafin? Wushe, wushe, sannu da zuwa. Zo nan, Allah ne ya kawo ki." Ta zaro waya daga lalitarta, gilashin duk maiƙon kifi. "Jiya farashin Kano ya makara da awa biyu. Awa biyu! Kin san me awa biyu ke yi wa mai kwali talatin? Sannan hoton tarwaɗa da kuka saka, wannan ba tarwaɗa ba ce, ko jikata ba za ta kira ta tarwaɗa ba. Sannan rubutun ya yi ƙanana, mu ba 'yan makaranta ba ne."

Kafin ka ce me, mutum shida sun kewaye ta, kowa da wayarsa a hannu, kowa da nasa. Falmata tana rubutawa har hannunta ya gaji. Da ta samu sarari sai ta ce, a hankali, "To Hajiya, tunda tana ba ku wahala haka, idan aka rufe ta fa?"

Hajiya Zara ta dube ta sama da ƙasa.

"A rufe me? Ke, wa ya aiko ki? Kafin abin nan ya zo, sai direba ya faɗa mana farashin da ya ga dama mu yarda. Yanzu ko lodi ba na yi sai na duba. Faɗa muke yi don yaron nan yana ji. Duk abin da muka tura, kafin jibi ya gyara. Ki tambayi kowa a nan."

Falmata ta tsaya da biro a hannu. Wata goma sha ɗaya tana ƙirga ƙorafin da ke shigowa, ba ta taɓa ƙirga kwana nawa ake yi kafin a gyara ba. Ta buɗe kwamfutarta a kan wani kwali ta duba. Cikin ɗari biyu da goma sha huɗu, Mudi ya rufe ɗari da casa'in da takwas, yawancinsu cikin kwana biyu. Ta ga rabin abin da take tsoro ya tabbata.

Ta kwana gidan gwaggonta a Nguru. Da sassafe ta hau motar Jajimaji, daga can ta ɗauki ɗan acaba suka bi hanyar daji, rairayi na jan tayar. Duk tsawon hanyar tana lallashin kanta: wataƙila dai wurin mai shayin ne, wataƙila al'adarsu ce. Takwas saura kaɗan suka shiga ƙauyen. Ga gonakin tattasai kore a gefen fadama, ga ƙarar injinan ban ruwa, mutane sun daɗe da fita aiki. Babu wani taro a wurin mai shayi.

Aka nuna mata zauren Baba Ɗayyabu, shugaban ƙungiyar manoman. Ta yi sallama ta durƙusa. Dattijon na zaune a tabarma, kwando biyu a gabansa, ɗaya cike da wayoyi, ɗaya babu komai, igiyoyin caji sun fito daga wani batirin sola a lungu.

"Wa nake gani kamar 'yar Malam? Falmata ce? Ikon Allah! Shigo, 'yata, shigo. Ki yi mini haƙuri kaɗan in gama aikin yayanki, kada lokaci ya wuce."

Tana kallo ya ɗauki waya ɗaya, ya danna hoton ɗan tattasai, ya jira leɓensa na motsi yana ƙirga goma, ya kashe, ya ajiye a ɗaya kwandon. Ya ɗauki ta biyu. Yana yi da natsuwa da kulawa, har yakan goge gilashin da hannun rigarsa. Falmata ta zauna sosai a ƙasa.

"Baba," ta ce, "masu wayoyin fa?"

"Suna gona. Ai sun kawo mini ajiya tun bayan girbin shinkafa. Ranar Juma'ar can ma na makara, an yi mana rasuwa, ina fata ba a ga giɓi a Gashuwa ba?"

"Ba a gani ba, Baba. Amma me ya sa suka daina amfani da ita?"

Ya gama ƙirga goman da ya fara, sannan ya ajiye wayar.

"'Yata, abin yana da kyau, ba a ce ba shi da kyau ba. Sai dai shi da hekta yake magana, mu kuwa fangali muka sani, 'yan komayen da muke sakar wa ruwa. Kuma bai san ƙasarmu ba. Ta nan gefen fadama laka ce, tana riƙe ruwa kwana huɗu. Ta can tudu rairayi ce, kafin ka juya ta shanye. Shi duk ɗaya ya ɗauke su. Abdussalam ne ya bi maganarsa sak, mako uku, saiwar tattasansa ta ruɓe, fangali goma sha biyu. Daga nan kowa ya koma yadda ya gada, a tura yatsa a ƙasa a ji."

"Baba, ai akwai wurin ƙorafi a ciki. Da kun danna, da an gyara tuntuni."

Dattijon ya dube ta kamar ta yi saɓo.

"Wurin nan da sunan mutum ke fita? Haba, Falmata. Marigayi mahaifinku shekara goma sha ɗaya yana karantar da mu a garin nan, ko ƙwayar gero bai taɓa karɓa ba. Ni a hannunsa na sauke. Yau ɗansa ya ɗauko abu ya kawo mana har gida, kyauta, da waya da komai, sai mu zauna mu rubuta wa maigidansa cewa bai iya ba? Da wane idon za mu dube shi? Abdussalam ɗin ma da ya yi asara, shi ya fara cewa kada wanda ya faɗa. Ranar da yayanki ya raba wayoyin ya ce a riƙa buɗewa kullum, ana gani daga Gashuwa. To muna buɗewa. Iyakar abin da za mu iya yi masa ke nan."

Ya ɗauki wata wayar, sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Ke ma 'yar Malam ce. Na san za ki rufa masa asiri."

Aka kawo mata fura, ta kurɓa don kada a ce ta raina, amma ba ta ji ɗanɗanonta ba. Ta zauna har ya gama arba'in ɗin cif.

A motar komawa Gashuwa ta yi ta juya abin. Babu ƙarya ko ɗaya a alƙalumanta. Ƙorafi sifili ne, gaskiya ne. Wayoyi arba'in na buɗewa kullum, gaskiya ne. Idan ta miƙa shafin yadda yake, babu mai cewa ta canza ko lamba ɗaya, kuma babu wanda zai taɓa hawa acaba ya bi rairayin nan don ya bincika. Sai fuskar Mudi ta faɗo mata, yana goge rubutu. Sai ta tuna matar Ya Laminu da yaransu uku, da mahaifiyarsu da ke zaune a gidansa. Tsoro take ji, tsoro sosai, kuma ta kasa gane wanne ta fi tsoro.

Bayan la'asar ta same shi a tsakar gida yana wanke babur ɗinsa a gindin darbejiya. Ta tsaya nesa kaɗan.

"Ya Laminu, daga wurin Baba Ɗayyabu nake."

Hannunsa ya tsaya a kan tankin. Bai ɗago ba, bai kuma tambaye ta me ta gani ba, sai ta gane ya sani.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Wata biyu." Ya matse tsumman. "Na je ban sanar ba, na tarar da kwandon. Na so in faɗa. Amma a lokacin Injiniya yana ta nuna wa baƙi layina, yana cewa kowa ya yi koyi da ni. Na ce bari in gyara a ɓoye tukuna. Na fara, wallahi na fara. Na saka fangali, saura bambancin ƙasa."

"Gobe ne, Yaya."

"Na sani." Sai a lokacin ya dube ta, idanunsa sun yi ja. "Mako uku kawai nake nema. Ba cewa na yi ki rubuta ƙarya ba. Ki miƙa abin da kika saba miƙawa. Mudi yaro ne, ba shi da iyali, Kano ma za a ɗauke shi gobe. Ni ina za ni? Don Allah, Falmata. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Shi ake roƙo a gidan nan tun rasuwar Malam. Jin muryarsa tana rawa ya fi mata ciwo a kan a ce ya daka mata tsawa. Daga ɗaki mahaifiyarsu ta ƙwala kira a zo a sauke tukunya, ta juya ta tafi da sauri.

Ranar Alhamis ƙarfe goma kowa ya hallara. Mudi ya zo da riga mai guga, ya riga ya kwashe 'yan kayansa daga kan tebur ya zuba a jaka. Laminu na zaune kusa da taga. Injiniya Mus'ab ya ce, "To, Falmata, nuna mana. A taƙaice."

Ta haɗa kwamfutar da allon bango. A cikin kwamfutar shafi biyu ne, tsoho da sabo, dukansu ta shirya, kuma har ta miƙe tsaye ba ta san wanda za ta buɗe ba. Ta dubi jakar Mudi a gefen ƙafarsa. Ta buɗe sabon.

"Ranka ya daɗe, kafin launi akwai magana. Ma'aunin da na yi wata goma sha ɗaya ina kawowa yana da kuskure, kuma kuskuren nawa ne. Na auna manhaja uku da sanda ɗaya, alhali masu amfani da su ba iri ɗaya ba ne. 'Yan kasuwar Nguru ko ƙuda ya sauka a waya sai sun faɗa. Akwai kuma mutanen da ko gonarsu ta ruɓe ba za su faɗa ba."

Ta nuna kwanakin gyaran Mudi. Ta nuna lokutan buɗewa, takwas zuwa takwas da kwata. Ta ba da labarin kwando biyu da fangalin Abdussalam goma sha biyu. Abu ɗaya kawai ta bari a cikinta, ba ta ce yayanta ya sani ba. A ƙarshe layukan suka fito: na Mudi kore, na Nana Khadija yana nan yadda yake, na uku ja.

Injiniya ya cire tabarau ya murza ido.

"Laminu, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Muryarsa a daidaice take. "Akwai ma abin da ba ta faɗa ba. Na sani tun wata biyu."

Injiniya ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce ya riga ya yi magana a gaban kowa ranar Litinin, ba zai janye ba. Za a rufe ta manoma ƙarshen wata.

Mudi ya sauke numfashi, ya juyo zai yi wa Falmata magana, ya ga fuskarta, ya fasa. Laminu ya miƙe, ya gaisa da Injiniya hannu biyu, ya dafa kafaɗar Mudi. Da ya zo daidai inda take, ta yi ƙasa da kai tana jiran faɗa, ko harara, ko ma ya wuce bai kula ta ba. Duk ta shirya wa waɗannan.

Ya tsaya, ya ɗan rusuna, irin yadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da aiki, Malama Falmata," in ji shi. "Allah ya ƙara basira."

Tunda aka haife ta bai taɓa kiranta haka ba. Ya sauka matakalar a hankali. Ta matsa jikin taga tana kallo ya hau babur ɗin, ya buga sau uku kafin ya tashi, ya bi hanyar da ba ta gida ba.